Gadar Gwamna Lugga Da Masu Gayyar Tsaron Kayan Tarihi

Mu da mu ke zaune a kudancin kogin Kaduna, ko Kakuri, ko Makera, ko Barnawa, ko Nasarawa, mun saba da gada, don kuwa ba mu shiga gari sai mun haye ta. Amma akwai wata 'yar gada ta ƙarfe a ƙetare, wadda ba ta ɗaukar mota, ba ta ɗaukar jirgin ƙasa, sai mai ƙafa, ga shi kuwa ta girmi garin Kaduna kansa. Labarinta za mu ba ku yau, ku 'yan makaranta, da labarin irin mutanen da ke sa abu irin wannan ya daɗe.

A shekarar 1902 Gwamna Lugga ya mai da Zungeru mazaunin mulkin Turawa a Arewa. Zungeru tana bakin wannan kogi namu ne, ruwan da ya wuce mu yau can zai bi kafin ya faɗa Kwara. Tana hedkwata aka ci Kano da Sakkwato a 1903. A 1904 aka kafa wannan gada a kan wani rafi na garin, don Gwamna da ma'aikatansa su riƙa hayewa. A wannan shekara kuma, a wannan gari, aka haifi Nnamdi Azikiwe, wanda ya zama Shugaban Nijeriya na farko bayan tafiyar Turawa. Ku dubi ikon Allah!

Daular Zungeru ba ta daɗe ba. Da hanyar jirgi ta isa Kano a 1911, aka kuma haɗa Kudu da Arewa a 1914, sai aka ga Kaduna ta fi dacewa, aka komo da hedkwata nan a 1917. Zungeru ta koma ƙaramin gari, gidajen Turawa suka zama kango. Ita gadar ta yi sa'a. Aka kwance ta, aka kawo ta Kaduna, aka sake kafa ta cikin lambun bakin kogi wanda mutane suka sani da sunan Gamji. A 1956 hukuma ta sa ta cikin kayan tarihin ƙasa waɗanda doka ke tsaro.

Watakila wani yaro mai kaifin hankali ya ce, "To, Malam, me ya sa za mu wahala wajen adana gadar wanda ya ci ƙasarmu da yaƙi?" Tambaya ce mai kyau. Amsarmu ita ce, ba don yabon Lugga a ke ajiye ta ba, sai don shaida. Alƙali ba ya korar mai shaida don fuskarsa ba ta yi masa ba. Yaron da ya karanta zuwan Turawa a littafi ya ji ne kurum, amma wanda ya dafa ƙarfen da aka kafa a 1904 ya gani, gani kuwa ya kori ji.

Ita dokar da ta tsare gadar ma, wani malamin makaranta ne tushenta. Sunansa Kenneth Murray, ya zo ƙasar nan a 1927 don koyar da zane. Da ya ga yadda gara ke cin sassaƙe-sassaƙen mutanen dā, baƙi kuma na kwashe sauran zuwa ƙasashensu, sai ya dami gwamnati da magana, har a 1943 ta ɗora shi kan aikin. A 1952 aka buɗe gidan tarihi na Jos, a 1953 aka yi dokar kayan tarihi, a 1979 kuma aka kafa hukumar da ke lura da gidajen tarihi da wuraren tarihi na ƙasa duka.

To, amma ku lura da wani abu. Doka tana iya hana mutum ya rushe, ba ta iya hana ƙarfe ya yi tsatsa. Ba ta share ciyawa, ba ta kuwa tsayawa bakin ƙofa ta gaya wa baƙo abin da ya ke gani. Wannan aikin mutane ne. Kakanninmu sun san haka. Ganuwar Kano da ta Zazzau da ƙasa aka gina su, damina na cin su kowace shekara, amma suka yi ɗaruruwan shekaru a tsaye, don in rani ya yi jama'a kan fito su yi yaɓe. Sa'ad da aka bar wannan aiki, sai suka soma zubewa.

A zamanin nan, irin wannan gayya ta koma hannun ƙungiyoyin sa kai, watau mutanen da suka haɗa kai su yi aiki ba don riba ba. A Ingila, a 1895, wata mace mai suna Octavia Hill da abokan shawararta biyu suka kafa wata ƙungiya da a ke kira National Trust. Gini na farko da suka saya, a 1896, wani tsohon gidan limamin coci ne mai rufin ciyawa a ƙauyen Alfriston, ya kusa faɗuwa, suka biya fam 10. Suka gyara shi, har yau kuwa yana nan. Daga wannan fam goma ƙungiyar ta bunƙasa har 'ya'yanta suka kai miliyoyi, masu aikin sa kai suna tsayawa cikin gidajen da ta ke riƙe suna yi wa baƙi bayani. Gaskiyar Bahaushe, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kada ku ce wannan sai Turai. A Ikko akwai wata ƙungiya da aka kafa a 1995, sunanta Legacy, ma'anarsa abin da aka gada. Cikin harabar reluwe ta Ebute Metta akwai wani tsohon bene da aka gina wajen 1898, tun hanyar jirgi ba ta kai Badun ba. Ana kiransa gidan Jaekel, da sunan wani tsohon ma'aikacin reluwe wanda ya rubuta tarihin jirgin ƙasa na Nijeriya. 'Yan ƙungiyar nan, da jagorancin Farfesa John Godwin, masanin zanen gine-gine, suka haɗa kai da hukumar reluwe suka gyara gidan a 2010. Suka mai da shi ƙaramin gidan tarihi, suka jera tsofaffin hotuna da kayan aikin jirgi, don wanda ya zo ya sami abin gani da mai yi masa bayani.

Wannan labari kuwa ya shafe mu ƙwarai, don hanyar jirgin da ta taso daga can ita ce ta haifi unguwanninmu. A nan kudancin kogi ne hanyar Ikko ta gamu da wadda ta fito daga Fatakwal, aka yi babbar tasha, ma'aikata suka taru daga ko'ina. Bayansu masaƙar Kakuri ta soma aiki a 1957, wasu dubbai suka biyo. Ashe ke nan muna zaune a tsakiyar tarihi: ga tsohuwar tasha kusa da mu, ga gadar Lugga a ƙetare, ga kuma gidan tarihi na Kaduna da aka buɗe a 1975.

Saboda haka ga shawararmu. Kowace makaranta tana iya kafa 'yar ƙungiyar tarihi, ko da yara goma ne da malami ɗaya. Ku nemi izinin masu lura da wurin tukuna, kada ku taɓa kome da fenti ko wuƙa, don gyaran jahili ɓarna ne. Ku je ku gani, ku auna, ku zana, ku share in an yarje muku. Ku tambayi tsofaffin ma'aikatan reluwe da na masaƙa abin da suka gani tun suna da rai, ku rubuta. Sa'an nan in baƙo ya zo, ku iya tsayawa gabansa ku ba shi labari daidai, ba ƙari ba ragi.

Gadar nan ta bar Zungeru ta tsira don wani ya damu da ita. Ko jikokinku za su same ta, ya rage ga waɗanda za su damu da ita bayanmu, ku ne kuwa. Allah ya sa mu dace, amin.