Ƙauyuka Masu Lamba: Tashi da Durƙushewar Noman Rahad a Fau

Garin Fau yana gindin wasu duwatsu a kan babbar hanyar da ta haɗa Wad Madani da Gadarif, a gabashin Sudan. Kafin shekarun 1970 yankin makiyaya ce ta Larabawan Shukuriyya da Kawahla, sai 'yan gonakin dawa na damina, da ƙauyuka jefi-jefi a gaɓar kogin Rahad, ciki har da na Hausawa. Kakannin waɗannan Hausawa wasu hanyar Makka ce ta kawo su suka zauna, wasu kuwa hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, wadda ta kafa garin Mai Wurno kusa da Sannar. Sana'arsu noman bakin kogi da su da ƙodago a gonakin audugar Jazira.

Gwamnatin Ja'afar Numairi ce ta sauya fuskar yankin. Dokar filaye ta 1970 ta mayar da duk filin da ba shi da rajista mallakar gwamnati, kuma a 1977 aka buɗe shirin noman rani na Rahad, mai faɗin faddan kusan 300,000, da kuɗin Bankin Duniya da Kuwait da Amurka da wasunsu. Faddan ɗaya ya ɗara eka kaɗan. Fau ta zama hedikwata. Aka zana ƙauyuka 46 a takarda kafin a gina su, aka raɗa musu lambobi a madadin suna, har yau kuwa da lambar ake kiran yawancinsu. Manomi yakan sami gonar haya, wadda ake ce wa hawasha, ta faddan 22, rabinta auduga, mafi yawan sauran gyaɗa.

Wanda yake son fahimtar abin da ya faru daga baya sai ya bi sawun ruwan. Kogin Rahad daga tsaunukan Habasha yake gangarowa, kuma na damina ne, da rani yakan ƙafe. Saboda haka aka kafa manyan injinan lantarki a Maina, a bakin Shuɗin Nilu, suna ɗaga ruwa zuwa doguwar magudana wadda ke ratsawa ta ƙarƙashin kogin Dindar, ta zuba a Rahad, sannan madatsar Abu Rakham ta karkatar da shi zuwa gonaki. Aiki ne na gwaninta, amma kowace gaɓa tasa tana buƙatar kuɗi kullum: wuta ga injina, kayan gyara daga waje, da yashe lakar da ruwan Habasha ke jibgewa a magudanai kowace shekara. Manomi ba shi da iko a kan ko ɗaya daga cikinsu. Hukuma ce ke huɗa, ita ke ba da iri da taki, ita ke feshi, ita ke karɓar auduga ta cire bashinta, abin da ya rage shi ne rabonsa. A suna manomi ne, a zahiri ya fi kama da ma'aikacin da ba shi da tabbacin albashi.

Muddin gwamnati na da abin kashewa, tsarin yana tafiya. Da ta janye tallafi bayan manufar sakin kasuwa ta 1992, sai aka bar shirin ya ciyar da kansa. Laka da ciyawa suka toshe magudanai, itacen miskit mai ƙaya ya mamaye gonaki, ruwa ya daina isa ga waɗanda ke ƙarshen layi a kan kari. Ƙishirwar mako biyu a lokacin fure ta isa ta kashe amfanin shekara. Manomin da ya rasa rance mai sauƙi ya koma ga ɗan kasuwa da tsohon tsarin shail, wato sayar da amfani tun yana tsaye a gona a kan farashi mai rahusa. Da yawa suka bar auduga suka koma dawa, don ko ba komai ana ci. Fitar da man fetur daga 1999 ya ƙara kawar da hankalin Kartum daga noma.

Mutane ba su watse a dare ɗaya ba. Samari ne suka fara tafiya, zuwa Kartum, zuwa Saudiyya da ƙasashen Tekun Fasha, daga baya kuma zuwa ramukan zinariya da suka buɗe a Buɗana da arewacin ƙasar. Hawasha ta zauna a hannun tsoho, ko ta koma haya da noman raba-daidai. Ƙauye yana nan da lambarsa da masallacinsa, amma abin da ke riƙe da gidaje da yawa kuɗin da ake aikowa ne daga waje.

Akwai kuma waɗanda lissafin hukuma bai cika tunawa da su ba, wato mazauna kambo, sansanonin 'yan ƙodago da ke gefen magudanai. Mutanen Darfur ne da Kurdufan da 'yan asalin Afirka ta Yamma, Hausawa a cikinsu, waɗanda ake haɗa su a kira su Fallata. Su ke tsintar auduga, su ke cirar gyaɗa, amma akasarinsu ba su da hawasha, kuma matsugunansu ba sa cikin taswirar makaranta da asibiti da famfo. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957, wadda ta nemi shaidar zama tun 1897, ta daɗe tana tsare wa da yawansu hanya. Idan amfani ya lalace, mai hawasha yana da fili da zai jingina, ɗan kambo kuwa sai ya ɗaure kayansa.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya tarar da shirin ya riga ya raunana. Da Wad Madani ta faɗa hannun dakarun RSF a Disamba 2023, Fau ta zama bakin daga, ɓangaren shirin da ke jihar Jazira ya fita daga hannun hukuma, 'yan gudun hijira kuma suka cika garin. Ba karo na farko ke nan ba, domin a yunwar 1984 zuwa 1985 an tsugunar da dubban mutanen Tigirai a sansanonin Fau. Sojoji sun karɓe Wad Madani ranar 11 ga Janairu 2025, kuma a cikin waɗannan kwanaki ne aka kai hari Kambo Tayba, kusa da Ummul Ƙura, aka kashe 'yan ƙodago bisa zargin mara wa RSF baya.