Shaidar Mafarki: Daga Salem Zuwa Ƙasar Hausa

A shekarar 1692, a garin Salem na Massachusetts, an rataye mutum 19 bisa zargin maita, aka kuma danne wani dattijo, Giles Corey, da duwatsu har rai ya yi halinsa. Babbar hujjar kotun ita ce abin da wasu 'yan mata suka ce suna gani: kurwar wance ta zo tana shaƙe su. Ba wanda zai iya ƙaryata wannan, domin mai zargin kaɗai ke ganinta.

A kan wannan tarihi Arthur Miller ya gina wasan kwaikwayonsa, The Crucible, a 1953, lokacin da Amurka ke farautar 'yan gurguzu. Ya ɗan taɓa gaskiya: Abigail Williams yarinya ce ƙarama, shi kuwa ya mai da ita budurwa mai shekara 17 wadda ta taɓa yin lalata da John Proctor, don zarginta ga matarsa Elizabeth ya samu tushe a kishi. Amma yadda laifi ke gangarawa bai ƙirƙira ba. Da aka titsiye Abigail sai ta jefa Tituba, baiwar da ba ta da gata. Da Tituba ta ga mutuwa sai ta amsa, ta kira sunayen wasu. Wanda ya amsa ya tsira, wanda ya musanta ya hau igiya. Kotun da ta tsara haka ƙarya take saye.

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan Kurfi da Dutsin-Ma ya san wannan zance. Zazzaɓi ya yi wa yaro zafi, ya yi sambatu, ya ambaci wata tsohuwa, sai a ce ta kama masa kurwa, a tilasta mata ta tsallaka shi. In ta tsallaka ta amsa ke nan. In ta ƙi, taurin kan mayya ne. Da wuya sunan da ke fitowa ya zama na matar mai unguwa.

A watan Fabrairun 2025 Babbar Kotun Jihar Kano ta yanke wa mutum biyar hukuncin kisa kan kashe wata mata mai shekara 67 a yankin Wudil a 2023. Matar ɗaya daga cikinsu, wadda ba ta da lafiya, ita ce ta yi mafarkin tsohuwar na bin ta da wuƙa. A gonarta suka same ta.