Wa ke riƙe da sunan talaka? Dokar kare bayanai a ƙasar Arewa ta Nijar

Lokacin da shirin tallafin marasa ƙarfi da Bankin Duniya ya ɗauki nauyi, wanda aka kafa a 2011, ya shiga gundumomin Tibiri da Gecheme, sai da ma'aikata suka bi gida-gida kafin a ba kowace macen da aka zaɓa jaka goma a wata. Sun rubuta yawan bakin da ake ciyarwa, da irin rufin ɗaki, da bisashen da ke turke. Daga baya rajistar zaɓen 2020 ta ɗauki hoto da zanen yatsa, ga kuma layin salula da ba a samu sai da katin shaida. Ke nan hukuma ta san Ba'are, mutumin ƙasar Arewa, ciki da waje. Tambayar wannan maƙala ita ce ko shi ma yana da hanyar sanin abin da ake yi da wannan sani.

A rubuce, yana da ita. Doka mai lamba 2017-28 ta 3 ga Mayu 2017 ta kafa hukumar kare bayanan mutane, HAPDP, sannan doka mai lamba 2022-59 ta 16 ga Disamba 2022 ta maye gurbin waccan doka. Dokar ta ba mutum haƙƙin a faɗa masa dalilin karɓar bayanansa, ya nemi ganinsu, ya sa a gyara kuskure, ya kai ƙara.

Sai dai haƙƙin da mai shi bai taɓa jin labarinsa ba, sunansa kawai haƙƙi. Da Faransanci aka rubuta dokar, hedikwatar hukumar tana Yamai, fiye da kilomita 250 daga Dogondutsi. Matar Matankari da aka tsallake sunanta a rabon tallafi, wurin maigari za ta kai kuka, ko ofishin magajin gari, alhali ba su ne suka yi lissafin da ya fitar da ita ba. Lissafin yana cikin kwamfuta, kuma kwamfuta ba ta zuwa fada ta yi bayani. Amincewar mutum kafin a karɓi bayanansa, wadda doka ke magana a kai, ma abin dubawa ce: mai jiran hatsi a tsakiyar damina, rumbu ya ƙare, da wane baki zai ce ba zai dangwala yatsa ba?

Matsala ta biyu ta fi nauyi. An rataya HAPDP ne a fadar shugaban ƙasa, alhali gwamnati ce babbar mai tara bayanai. Wata doka ta 2020 ta halatta sauraron sadarwar mutane da sunan tsaro, kuma a watan Agustan 2024 mahukuntan soja suka kafa kundin sunayen waɗanda ake zargi da ta'addanci, wanda shiga cikinsa kan iya jawo a ƙwace wa mutum zama ɗan ƙasa. Ba wanda ke zaune a arewacin Dogondutsi da zai raina batun tsaro. Amma kundin da ke iya yin wannan illa shi ya fi kowanne buƙatar alƙali mai zaman kansa.

Kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa. To, a fara da dokar kare bayanai: a fassara ta, a karanta ta a gidajen rediyon karkara, a buɗe teburin karɓar koke a kowane ofishin magajin gari daga Dankasari zuwa Kore Mairuwa, HAPDP kuma ta riƙa faɗa wa jama'a da Hausa ƙara nawa ta karɓa a shekara da wanda ta hukunta.