Matasan Mawaƙan Opera a Afirka ta Kudu da Alƙalamin da Ke Makara

A watan Mayun 2023, ranar naɗin Sarki Charles na Uku, Pretty Yende ta rera waƙa a cocin Westminster da ke Landan, kafofin labaran Afirka ta Kudu kuwa suka yi ta yabon 'yar ƙasarsu. Yabon ya cancanta. Sai dai hujjar wannan maƙala ita ce, mawaƙin opera ya fi buƙatar alƙalamin mai sharhi tun yana ɗalibi, kafin Turai ta san da zamansa.

Opera wasan kwaikwayo ne da ake rera zancensa, kuma babu makirufo: murya ce kaɗai za ta ratsa amon makaɗa ta isa kujerar ƙarshe. An haifi Yende a garin Piet Retief a 1985, kuma a tallan British Airways ta fara jin irin wannan waƙa tana 'yar shekara 16. Bayan karatu a kwalejin kiɗa ta Jami'ar Cape Town, ta lashe gasar Operalia a 2011, ta hau dandalin Metropolitan na New York a 2013. Ɗan ƙasarta Levy Sekgapane ma ya ci gasar Operalia a 2017. Yawancin irinsu daga ƙungiyoyin mawaƙan coci da gasar makarantu suka taso.

Muryoyi dai akwai su, dandalin gida ne ke ƙuntata. Bayan 1994 an rushe hukumomin gwamnati da ke riƙe da wasannin dandali. Cape Town Opera, wadda aka kafa a 1999, da masu tallafi take numfashi, Gauteng Opera kuwa ta rufe a 2018 saboda rashin kuɗi. Mai tallafi ba ya sa hannu a aljihu don wasan da bai taɓa jin labarinsa ba. Haka ɗalibar da ta fito a wasan ƙarshen shekara, in ba a rubuta komai a kanta ba, da an kashe fitilu shaidarta ta tafi, ba ta da abin haɗawa da takardar neman gurbi.

Sharhin da nake nufi ba aikin maroƙi ba ne. Wanda ya rubuta cewa numfashin ɗalibar ya yanke kafin ƙarshen doguwar jimla, ko wasulan Italiyancinta sun shige maƙogwaro, amma sautinta na sama tsaf yake, ya ba ta abin da za ta koma da shi wajen malamarta gobe da safe.

Wasu kan ce opera kayan Turawa ne, bai kamata a ɓata tawada a kansa ba. Ban yarda ba. A 2002 aka gabatar da opera mai suna Princess Magogo ta Mzilikazi Khumalo da harshen Zulu a Durban. A 2005 fim ɗin U-Carmen eKhayelitsha, wanda aka rera da harshen Xhosa, ya ɗauki babbar lambar bikin finafinai na Balin, Pauline Malefane ce kuma ta fito a matsayin Carmen, a Khayelitsha, unguwar da ta girma.