Daga Dandali Zuwa Aji: Waiwaye a Kan Rawa da Wasannin Yara

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan ƙasar Kontagora, kamar Kumbashi da maƙwabtanta, inda Hausawa suke zaune kafaɗa da kafaɗa da Kambari da Dukawa da Kamuku, ya san cewa makarantar farko da yaro yake shiga ba ta da allo, ba ta da malami. Wannan makaranta ita ce dandali, lokacin darasinta kuwa bayan cin tuwon dare, musamman idan akwai farin wata. Abin da muke son mu bi diddiginsa a nan shi ne yadda ta kwashe tsakanin wannan tsohuwar makaranta da ta boko.

Bari mu fara da gaɗa, domin a ganinmu babu wasan da ya kai ta hikima. 'Yan mata sukan tsaya a rabin da'ira suna tafi, ɗaya tana ba da waƙa saura suna amshi. Sai guda ta fito fili ta taka, sannan ta ba su baya ta saki jiki ta faɗo, su kuwa su cafe ta su cilla ta sama, ta dira daidai da faɗuwar tafi. Mai karatu ya dubi abin da ke ƙunshe cikin wannan faɗowa: yarinya ba ta ganin inda za ta sauka, ta dai amince cewa ƙawayenta ba za su bari ta sha ƙasa ba. Haka kuma wadda ta fito tana da ikon ƙara nata salo, ko ta sako sunan wata a cikin waƙa don zambo ko yabo, wato dai ƙirƙira ce ake yi nan take. Su kuma maza suna can suna langa, kowa ya kama ƙafa ɗaya da hannu yana tsalle da ɗayar, suna kare wanda suka naɗa ruwa har ya kai inda aka shata. Idan azumi ya kwana goma sai a shiga tashe, inda yaro zai manna gemun auduga ya duƙa bisa sanda ya zama tsoho tukuf, ko ya zama Jatau mai magani. A nan waƙa da rawa da kwaikwayo da ƙera kayan wasa abu guda ne, ba wanda ya raba su gida-gida.

Sai dai rawa ta daɗe da samun tabo a ƙasar Hausa. Malaman jihadin 1804 sun soki cakuɗuwar maza da mata a wuraren kiɗa, ga kuma alaƙar rawa da bori. Kontagora kuwa jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne ya kafa ta, wato Umaru Nagwamatse, saboda haka wannan ra'ayi ba baƙo ba ne a cikinta. Amma wasan yara ya tsira, don an ɗauke shi ƙuruciya, abin da yarinya za ta bari ranar da aka sa ta a lalle.

Da Turawa suka ci Kontagora a 1901, kuma Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, sai jikin yaro ya gamu da sabon horo. Kwalejin Katsina, wadda aka yi bikin buɗe ta a 1922, ta shahara da wasannin da aka kwaso daga makarantun Ingila, irin su kurket da ƙwallon bango. A ƙananan makarantu kuwa fareti ne: a jera sahu, hagu dama, a ɗaga hannu a sauke da umurnin usur, bisa tsarin motsa jiki da hukumar ilimin Ingila ta fitar a 1933. Ga wani abin mamaki. A 1948 wani masanin rawa mai suna Rudolf Laban, wanda ya baro Jamus ya zauna a Ingila, ya wallafa littafi yana kiran a bar yaro ya bayyana abin da ke zuciyarsa da motsin jikinsa, makarantun Ingila kuma suka karɓa, suka fara jingine fareti. Ke nan masu usur sun ajiye usur ɗinsu suna neman abin da 'yan gaɗa suka daɗe da shi, mu kuwa muka riƙe usur gam.

Ta hanyar littafi wasanninmu suka fara leƙa aji. A farkon shekarun 1970 Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da jerin littattafansa shida na Tatsuniyoyi da Wasanni, Umaru Dembo kuma ya rubuta Wasannin Yara. Aiki ne da ya cancanci yabo, domin ya ceci waƙoƙi da dama daga ɓacewa. Amma takarda waƙa take iya ɗauka, ba ta ɗaukar taku. Sau da yawa yara sukan karanta waƙar gaɗa a zaune bisa benci, hannuwa a harɗe, malami yana gyara musu ƙa'idojin rubutu.

Shekarar 1976 ta zo da abubuwa biyu: aka ƙirƙiro Jihar Neja, aka kuma ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta, wanda ya kai makaranta garuruwan da ba su taɓa ganin ta ba. A 1977 aka fitar da manufar ilimi ta ƙasa, wadda ta ba fasaha da al'adu gurbi a firamare, aka kuma yi bikin FESTAC a Legas da hawan daba a Kaduna. Daga nan rawa ta shiga makaranta, amma a matsayin abin nunawa. Akan zaɓi yara goma sha, a ɗaura musu saƙi, a koya musu taku guda har su haddace, su yi wa babban baƙo ranar rabon kyaututtuka ko ranar yara ta 27 ga Mayu. Sauran ɗalibai 'yan kallo ne. A dandali kuwa babu ɗan kallo, kowa layi yana zuwa kansa.

Manhajar ilimin bai-ɗaya ta shekara tara, wadda ta biyo bayan dokar 2004, ta tattara zane da kiɗa da rawa da wasan kwaikwayo a darasi guda, wato ta mayar da su yadda tashe ya riƙe su tun asali. Matsalar ita ce akasari malamin da aka ɗora wa darasin zane kaɗai ya koya, ko kuma yana ganin taka rawa gaban yara zubar da girma ne, sai ya rubuta ma'anar rawa a allo a kwafa.

A da wannan ba asara ba ce babba, domin abin da aji ya rage da safe dandali yana cike shi da dare. Yanzu shi kansa dandalin yana neman gagara. Talabijin da wayar hannu sun ja nasu rabo, sannan ga 'yan bindiga. A 2021 aka sace ɗalibai a Kagara cikin watan Fabrairu, aka kuma kwashe 'yan Islamiyya a Tegina cikin watan Mayu, duk a Jihar Neja. Uwar da ta ji wannan labari ba ta barin 'yarta ta fita tafi bayan isha'i, ko da wata ya kwana goma sha huɗu.