Daga Lausu zuwa Yadakunya

A zamanin kakanninmu a Lausu, wanda kuturta ta kama sai a ware masa ƙwarya da ɗaki a gefen gida. A 1937 mishan ɗin SIM ta karɓi aikin jinyar kutare a lardin Kano, aka zaunar da su a Yadakunya. Can aka kai kakata a kan jaki. Allurar man wani icen Indiya ake musu, mai zafin gaske, kafin ƙwayar dapsone ta iso wajen 1950. Kakata ta dawo da yatsunta cikakku, ta koma kaɗi. Malaman ƙasarmu ta Rano sun yi ɗari-ɗari da wa'azin Turawan mishan ɗin, kuma ban ga laifinsu ba, amma talaka bai da wani asibitin.