Ayarin Yara a Ƙasar Boɗinga da Shagari

Wanda ya bi babbar hanyar da ta fita daga Sakkwato ta ratsa Boɗinga da Shagari da Tambuwal kafin ta isa Jega, in dai da rani ne, bayan an kawar da gero da dawa, yashi ya bushe a lungunan gari, da wuya ya rasa cin karo da wani irin ayari wanda ba madugu ne ya shirya shi ba: yara uku ko huɗu zaune cikin tsagaggun jarkoki, an ɗaure kowace da ta gabanta, manyansu biyu sun rataya igiya a ƙirji suna ja, ƙura tana tashi. Galibin manya kan ɗauka kwaikwayon jirgin ƙasa ne kurum, tunda yaran ma haka suke kiransa. Ni kuwa a nawa nazarin, asalin wannan wasa ya girmi jirgi nesa ba kusa ba, kuma a hanyar fatake ya kamata a nemi salsalarsa.

Wannan yanki dai ba baƙo ba ne ga matafiya. A Sifawa, cikin ƙasar Boɗinga, Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya yarda da shi, ya zauna yana karantarwa bayan an ci Alƙalawa, a nan ne kuma a shekarar 1812 ya raba al'amuran daula, ya danƙa yamma ga ƙanensa Malam Abdullahi, gabas ga ɗansa Muhammadu Bello, kafin ya koma Sakkwato a 1815. Shi Malam Abdullahi a Boɗinga ya yi zamansa har bayan wafatin Shehu a 1817, sa'an nan ya tare a Gwandu. Tun daga wancan zamani hanyar ba ta rabu da almajirai da manzanni da 'yan kasuwa ba, balle da kasuwar Jega ta bunƙasa, ta zama matattarar masu nufin Gwanja neman goro. Shagari ma, wadda Fulani makiyaya suka kafa, da fatauci ta cika.

To, abin lura a nan shi ne, duk wannan zirga-zirga ba bisa ƙafar keke ko amalanke aka yi ta ba, domin kafin zuwan Turawa ba a ɗaukar kaya a ƙasar Hausa sai a kan jaki da takarkari da alfadari da raƙumi, ko kuwa a kan ɗan Adam. Jakuna kora su ake yi, kowanne da mangalarsa, ba a ɗaure wani da wani. Raƙuma ne ake jerawa, a ɗaure akalar na baya a jikin sirdin na gabansa, har mutum guda ya iya jan tsawon jeri shi kaɗai, kamar yadda Buzayen Adar da Azbin suke yi har gobe idan sun shigo kasuwannin wannan ƙasa. Yaro kuwa, bisa ɗabi'ar da Allah ya halicce shi a kai, ba ya ganin abu mai tafiya ya ƙyale shi bai kwaikwaya ba. Ya ga barde, sai ya yi dokin kara, ya sa masa linzamin zare. Ya ga ayari, sai ya tara 'yan'uwansa, kowa ya riƙe bayan rigar na gabansa, a zaga dandali da farin wata. Daga riƙon riga zuwa ɗaurin igiya kuwa ba wata tazara, musamman a garin da kowane gida ana tufkar rama da kaba, kuma ba a rasa tsohon ƙirgi ko yagaggiyar tabarma da za a zaunar da ƙane a kai a ja shi.

Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, sannu a hankali mota ta shigo. Amma jirgin ƙasa, wanda ya isa Kano a 1911, bai taɓa isowa nan ba. Reshen da aka ja daga Zariya ta Gusau ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929, bai ƙara gaba ba. Marigayi Alhaji Shehu Shagari, Allah ya jiƙansa, wanda aka haifa a 1925 ya kuma shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983, yana ɗan shekara huɗu ke nan a lokacin, kuma tsararsa da na bayansu duka sun tashi ne a ƙasar da sai an yi tafiya mai nisa kafin a ga dogo. Wannan ita ce babbar hujjata: yaron da bai taɓa ganin yadda ake haɗa tarago da tarago ba, ba daga can ya koyi ɗauri ba. Suna kawai ya ara daga bakin 'yan ci-rani, amma igiyar da ƙullin duka na raƙumi ne.

Abin da mota ta kawo shi ne ƙafa mai juyawa, da sana'ar motar kara. Akan feƙe ɓawon kara a fitar da siraran tsinke, a yanka totuwarsa gunduwa-gunduwa, a riƙa soka wannan cikin wancan har a tada bodi da gidan direba, a fafe ƙafafu daga sakaina, daga baya kuma daga tsohon silifa ko marfin kwalba. Da manyan motoci masu jan tirela suka fara bin hanyar Jega, sai gwanayen yara suka gane cewa kai daban ne, bodi daban, kuma ƙusa guda ce a tsakiya take ba su damar lanƙwasa a kwana. Suka kwaikwayi wannan da tsinke ɗaya. Sai dai motar kara ba ta ɗaukar kowa. Abin hawa na haƙiƙa ya samu ne da zuwan buhun leda, da jarkar man gyaɗa mai lita 25 wadda idan ta fashe aka raba ta biyu takan zame bisa yashi, da kuma boris ɗin da makanikai suka yar, wanda ake kafawa a ƙarƙashin katako inda ƙasa take da tauri.

A wurin haɗawar ne hikimar take, kuma a nan nake so mai karatu ya dakata. Sharaɗi na farko, igiyar da ke gaba ita ke ɗauke da nauyin jerin duka, ta ƙarshe kuwa nauyin mutum ɗaya kawai, saboda haka mafi ƙwari ake sawa a gaba, a bar ragowar tsumma ga na baya. Na biyu, hudar da za a zura igiya lalle ta kasance ƙasa-ƙasa kuma a tsakiya, domin in ta yi sama jarkar takan kifa da mai ita, in ta karkata gefe sai ta yi ta tafiya a kaikaice. Masu wayo kuma sukan sa ɗan guntun itace daga ciki su ɗaure a jikinsa, don kada igiyar ta yaga robar. Zarge ba ya cikin wannan sha'ani ko kaɗan, tunda yana ƙara shaƙewa ne gwargwadon ja, alhali yatsun yara suna kusa.

Mas'alar da ta fi daɗin nazari ita ce ta tsawon igiya. Idan aka ɗaure jerin tamau, babu sako-sako, to, masu ja za su tayar da nauyin kowa da kowa a lokaci guda, abin da sau da yawa yakan gagare su, domin tayar da abu daga tsaye ya fi ci gaba da jansa wuya. Idan kuwa aka bar ɗan sassauci tsakanin kowace biyu, sai ta farko ta motsa, ta fizgi ta biyu, ta biyu ta fizgi ta uku, nauyin ya zo daki-daki. Wannan kuwa ita ce dabarar da direbobin jirgin kaya suka daɗe suna amfani da ita. Amma in sassaucin ya wuce kima, fizgar takan yi tsanani har na ƙarshe ya faɗi ta baya, kuma a kwana, in ana gudu, shi ne ake wurgarwa waje. Don haka wurin nan na ƙarshe ake rigima a kansa, matsoraci yana gudunsa, mai ƙiriniya yana roƙonsa. Kafin a tashi za ka ji ana ta ce-ce-ku-ce da harshen Sakkwatanci, “Wa ka ja? Wa ka zama baya?”, har babbansu ya yanke hukunci, ya ce, “Ku riƙe, mu tai!”

A ƙasashen da dusar ƙanƙara ke rufe ƙasa da hunturu, yara suna da irin wannan wasa, sai dai su gangara ce take ja musu. Wani Ba'amurke mai ƙera kayan noma, Samuel Leeds Allen, ya yi rajistar abin zamiyarsa mai suna Flexible Flyer a 1889, wanda ake iya juya shi dama da hagu, yara kuma suka riƙa kwanciya rubda ciki a kansa, kowa ya saƙala ƙafafunsa a gaban na bayansa, su gangaro a jere. A garin St. Moritz na Suwizalan ma, haɗa abin zamiya guda biyu da aka yi a ƙarshen ƙarni na 19 shi ya haifar da wani tsere da ake yi yau a gasar Olamfik ta hunturu. Matsalarsu kishiyar tamu ce: igiya tana ja amma ba ta tokarewa, saboda haka a gangara na baya yakan afka wa na gaba. Yaranmu sukan gamu da haka in sun kai jirginsu gangaren busasshen kududdufi, maganin da suka samo kuwa shi ne a sa wani ƙaƙƙarfa a can baya ya riƙe wata igiyar yana tirjewa.

Malaman allo ba su cika tsananta wa wannan wasa ba, muddin an yi shi ranar Alhamis ko bayan an tashi daga karatu, tunda babu caca a ciki, babu kuma surar abu mai rai. Iyaye mata ne masu ƙorafi, saboda wanduna da ke yagewa da igiyar guga da ke ɓacewa daga bakin rijiya. Ƙorafin da ya fi wannan nauyi ya zo ne da kwalta: boris ya fi gudu a kanta fiye da ko'ina, yara sun san haka, alhali hanyar da ta ratsa Boɗinga da Shagari ita ce wadda tireloli da tankokin mai suke bi dare da rana tsakanin Sakkwato da Kwantagora, jerin yara biyar a ɗaure kuwa ba ya iya kaucewa da sauri kamar yadda yaro ɗaya zai yi tsalle ya bar hanya. Shi ya sa dattawan da ke zaune a bakin titi, waɗanda ba su tanka wa mai dokin kara ko mai gare-gare, da zarar sun hango jirgin jarka ya doso kwalta sai su daka tsawa a mai da shi cikin lungu.